'Yanci cikin Almasihu: daga ina Bulus ya ɗauko shi?

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. In na fahimci tambayarka, an ɗora maka jagorancin nazari a kan Galatiyawa 5:1, inda Bulus ya ce domin mu zauna cikin 'yanci ne Almasihu ya 'yanta mu. Sai wani ya ce maka wannan magana aronta Bulus ya yi daga masanan Girka, wai Tsohon Alkawari ba kome a cikinsa sai doka da hani. Kana so ka san ko haka ne, kana kuma tsoron kada masu sauraro su tashi da cewa an ba kowa izini ya yi abin da ya ga dama.

Mutumin nan yana da 'yar gaskiya. Kalmar da Bulus ya rubuta, eleuteriya, ta Girkanci ce, kuma masanan Girka sun daɗe suna zancen 'yancin zuci. Efiktetus, wanda shi kansa bawa ne aka 'yanta, ya koyar cewa mai 'yanci shi ne wanda ya daina damuwa da abin da ba ya hannunsa. To amma dubi wanda ke aikin a can: mutum ne ke kwance kansa da horon zuciyarsa. A wajen Bulus kuwa wani ne ke zuwa ya kwance ka, ya biya, ya fitar da kai, sa'an nan ka zama nasa. Wannan tsari daga Fitowa yake da Littafin Firistoci da Ishaya. Buhun na Girka ne, hatsin da ke ciki na Attaura ne.

Ka fara da saƙon da Musa ya kai wa Fir'auna. Mutane sun haddace rabinsa, "ka saki jama'ata". Ragowar ita ce "domin su bauta mini", kuma haka take maimaituwa a Fitowa 7:16 da 8:1 da 9:1. A Ibrananci tushen kalma ɗaya ne ake amfani da shi ga aikin tubalin da suka yi wa Fir'auna da kuma sujadar da za su yi wa Allah, wato abad, ɗan'uwan tushen Larabcin da ya ba mu "ibada" da "Abdu". Mu da muke karatu da Hausa mun yi sa'a a nan, domin "bauta" tamu ma haka take, tana ɗauke da ma'anonin biyu. Littafin Firistoci 25:55 ya faɗi abin ƙarara: Isra'ilawa bayina ne, waɗanda na fito da su daga Masar. Aya ta 42 ta ce saboda haka ba za a sayar da su kamar bayi ba. Ka ga hujjar? Ba wanda zai mallake su domin an riga an mallake su. A wannan littafi fita daga bauta canjin ubangida ne. Wanda ya riƙe wannan ba zai yi mamaki ba in ya iso Romawa 6:22 ya ji Bulus yana cewa an 'yanta ku daga zunubi kun zama bayin Allah. Fitowa yake maimaitawa.

Abu na biyu a Fitowa shi ne jerin yadda abubuwa suka faru. An ƙetare teku a sura 14, ba a ba da Dokoki Goma ba sai sura 20, kuma kafin doka ta farko sai da aka gabatar da mai ba da ita: ni ne Ubangiji Allahnka wanda ya fishe ka daga gidan bauta. Ba a ce su kiyaye doka tukuna a duba ko sun cancanci fita ba. Fansa ce ta riga, doka ta biyo baya domin ta tsare abin da aka samu. Maimaitawar Shari'a 5:14 da 15 ma ta ɗora hutun Asabar a kan wannan: bawanka da baiwarka su huta kamar kai, ka tuna kai ma bawa ne a Masar. Duk wanda ya ce alheri sai a Sabon Alkawari ya fara bai lura da wannan jeri ba.

Inda na fi so ka daɗe shi ne dokokin bashi, domin daga nan kalmomin fansa da gafara na Sabon Alkawari suka fito, kuma nan ne aka fi tsallakewa. A Isra'ila ta dā, hanyar da mutum ya fi faɗawa bauta ita ce bashi. Damina ta ƙi, ya ranci iri, ya kasa biya, ya jinginar da gona, daga nan sai 'ya'ya, daga nan sai shi kansa. Attaura ta kafa ƙofofin fita. Fitowa 21:2 ta ce bawa Ba'ibrane zai yi shekara 6, a ta 7 ya fita ba tare da biyan kome ba. Maimaitawar Shari'a 15 ta ƙara cewa kada a sallame shi hannu wofi, a ba shi daga garke da masussuka da wurin matse inabi, don kada talaucin da ya kai shi ya sake mayar da shi. In kuma bawan ya ce yana ƙaunar maigidansa ba zai tafi ba, sai a kai shi bakin ƙofa a huda kunnensa da basilla, ya zauna har abada. Surar nan ɗaya ta ce a yafe bashi duk ƙarshen shekara 7.

Sai babbar ƙofa, Littafin Firistoci 25. A ƙidaya shekara 7 sau 7, wato 49, sa'an nan a rana ta 10 ga wata na 7 a busa ƙahon rago a dukan ƙasa, a keɓe shekara ta 50, a yi shelar sakewa ga kowa. Gona ta koma ga dangin da suka gada, mutum ya koma gidansu. Sunan wannan shekara, Jubili, daga yobel yake, ƙahon ragon da ake busawa. Kalmar sakewar kuwa deror ce, 'yar'uwar anduraru ta mutanen Babila, inda sarakuna irin su Ammisaduka sukan yi shelar yafe bashi in sun ga dama. Bambancin shi ne a Isra'ila an cire abin daga ganin damar sarki an sa shi cikin kalanda. Kada ranar ta wuce ka: 10 ga wata na 7 ita ce Ranar Kafara. Ranar da ake share zunubin jama'a ita ce ranar da ake share bashinsu. Tun a nan aka ɗaure igiyoyin biyu wuri ɗaya.

Wanda bai iya jiran Jubili ba yana da wata hanya, mai fansa, go'el a Ibrananci. Ba kowa ke zama mai fansa ba, sai na jini: ɗan'uwa, ko baffa, ko ɗan baffa, ko wani makusanci a dangi. Kuɗin ma da lissafinsa a ayoyi 50 zuwa 52, ana raba farashin bisa shekarun da suka rage. A misali, mutum ya sayar da kansa shekel 30 (shekel ma'aunin kuɗinsu ne) saura shekara 15 a yi Jubili, ya yi 5 yana aiki, to mai fansa zai biya kuɗin shekara 10, wato shekel 20. Wannan suna na dangi shi ne Ishaya ya yi ta kiran Allah da shi lokacin da jama'a ke zaman bauta a Babila bayan faɗuwar Urushalima, har ya ce a 52:3 an sayar da ku a banza, za a fanshe ku ba da kuɗi ba. In ka zo Markus 10:45, inda Yesu ya ce ya zo ya ba da ransa fansa domin mutane da yawa, ko Ibraniyawa 2, inda aka nace cewa sai da ya zama kamar 'yan'uwansa ta kowace hanya, to dokar go'el ce ke ƙasa. Bare ba ya fansa.

Ishaya 61:1 ya ɗauki deror ɗin nan ya sa a bakin wani shafaffe da zai yi shelarta ga kamammu. Nassin da Yesu ya karanta ke nan a majami'ar Nazarat, Luka 4:16 zuwa 21, haɗe da wani layi daga Ishaya 58:6, ya kuma tsaya kafin ya kai ga ranar ramuwa. Ga mahaɗin da ba ya fitowa a fassara: lokacin da Yahudawan Iskandariya suka juya Attaura zuwa Girkanci, wajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, kalmar da suka zaɓa wa shelar Jubili da yafe bashi ita ce afesis. Ita ce kuma kalmar da Sabon Alkawari ke amfani da ita wajen gafarar zunubi. Shi ya sa Addu'ar Ubangiji a Matiyu 6:12 asalinta ke cewa a yafe mana basusukanmu, Luka 11:4 kuwa ya ce zunubanmu. A Aramaik, harshen da Yesu ya yi magana da shi, kalma ɗaya ce ke nufin bashi da zunubi.

Kada kuma a ce Kirista ne suka fara juya Jubili zuwa zancen zunubi. A kogo na 11 na Kumran, kusa da Tekun Gishiri, wanda aka gano a 1956, an sami wani rubutu da ya riga zamanin Yesu, ya haɗa Littafin Firistoci 25 da Maimaitawar Shari'a 15 da Ishaya 61, yana cewa a Jubili ta ƙarshe Malkisadik, sarki kuma firist da aka ambata a Farawa 14, zai saki mutane daga bashin laifofinsu. Wannan rubutu kaɗai ya isa amsa ga mai cewa daga Atina, birnin masanan Girka, abin ya zo.

Akwai wani zare kuma da Hausa ke taimaka mana mu gani. A harshenmu kishiyar bawa ɗa ne, daga nan ma "'yanci" da "ɗiyauci" suka fito. Fitowa 4:22 ta ce Isra'ila ɗana ne, ɗan farina, ka sake shi. Yahaya 8:35 ya ce bawa ba ya dawwama a gida, ɗa ne ke dawwama, in kuwa Ɗan ya 'yanta ku kun 'yantu ke nan. Galatiyawa 4:7 ta ce kai ba bawa ba ne kuma, ɗa ne, in kuwa ɗa ne to magaji ne. Saboda haka "bawan Allah" da "ɗan Allah" ba sa karo a bakin Bulus. Na farko yana faɗin wanda ke da kai, na biyu yana faɗin matsayinka a gidan.

Yanzu wurin da hanya ta rabu, kuma a nan sai ka yi adalci. Bulus ya lissafa zunubi da mutuwa cikin iyayengijin da aka kuɓuta daga gare su, wannan ba Bayahuden da zai yi gardama. Amma ya kuma ce masu bi ba sa ƙarƙashin Shari'a, ya kira komawa ga kaciya karkiyar bauta. Malaman Yahudawa akasin haka suka karanta. Fitowa 32:16 ta ce rubutun Allah "zānanne" ne a kan allunan, harut, sai suka ce a karanta herut, wato 'yanci, domin ba mai 'yanci sai mai nazarin Attaura. Zabura 119:45 ma ta ce zan yi tafiya a fili mai faɗi domin na nemi umarnanka. Don haka kuskure ne ka tsaya gaban mutane ka zana Yahudawa suna nishi ƙarƙashin doka suna jiran mai sauke musu. Mai Zabura 119 ya yi ayoyi 176 yana yabon dokar. Bulus da kansa ya ce Shari'a tsattsarka ce a Romawa 7:12, Yakubu kuma ya kira ta shari'ar 'yanci a 1:25. Markiyon, wanda ya so a yar da Tsohon Alkawari gaba ɗaya, ikkilisiyar Roma ta kore shi wajen shekara ta 144.

To me Bulus ke nufi? Abu biyu. Na farko, rigimar Galatiya a kan al'ummai ce: shin wanda ba Bayahude ba sai ya yi kaciya ya ɗauki dukan dokokin Musa kafin a lissafa shi cikin zuriyar Ibrahim? Ya ce a'a, taron Urushalima na Ayyukan Manzanni 15 ma ya ce a'a. Na biyu, doka tana nuna abin da ke daidai amma ba ta ba da ƙarfin yinsa. Ya kwatanta ta da bawan nan na gidajen Girka da ke raka yaro makaranta yana tsawata masa har ya balaga, Galatiyawa 3:24. Maganin da ya kawo ma daga annabawa ya ɗauko: Irmiya 31:33, zan rubuta shari'ata a zukatansu, da Ezekiyel 36:26 da 27, zan ba ku sabuwar zuciya in sa Ruhuna a cikinku. A kan waɗannan ne 2 Korantiyawa 3:17 ke tsaye, inda Ruhun Ubangiji yake nan 'yanci yake.

Game da tsoronka kuwa, abin da ka ji tsoro ya riga ya faru a Koranti. Wasu sun mayar da koyarwar kirari, "kome halal ne a gare ni", Bulus ya amsa musu sau biyu, a 1 Korantiyawa 6:12 da 10:23: ba kome ke da amfani ba, ba kome ke ginawa ba, kuma ba zan bar wani abu ya mallake ni ba. Wanda ya fita daga hannun doka ya faɗa hannun sha'awarsa, an gudu ne ba a tsira ba. Dalilin da wannan ke faruwa a nazari mai sauƙi ne: an karanta Galatiyawa 5:1 an rufe littafi. Ka kai su aya ta 13 da 14 a zama ɗaya. A can ya ce kada 'yancin ya zama dama ga halin mutuntaka, sai dai ku yi wa juna bauta cikin ƙauna, kuma kalmar bauta ce ya rubuta ba hidima mai laushi ba. Ayar da ya rufe da ita, ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka, Littafin Firistoci 19:18 ce. Martin Luther, jagoran gyaran ikkilisiya a Jamus, a 1520 ya taƙaita wannan cikin jimla biyu, cewa Kirista ba ya ƙarƙashin kowa, kuma Kirista baran kowa ne, yana jingina da 1 Korantiyawa 9:19.

Kuskuren da ke kishiyar wannan shi ne mai koyarwa ya firgita ya sake ɗora wa mutane kaya da sunan tsaro, dokokin da nassi bai kafa ba ya mai da su sharaɗin karɓuwa. Ma'aunin da zai raba maka shi ne Titus da Timoti, abokan aikin Bulus. Bulus ya ƙi a yi wa Titus kaciya a Galatiyawa 2:3 domin an mai da ita sharaɗin ceto. Shi ɗin ne kuma ya yi wa Timoti a Ayyukan Manzanni 16:3 domin kada ya zama sanadin tuntuɓe ga Yahudawan da za su shiga cikinsu. Aiki ɗaya, hukunci biyu. In an ce sai ka yi kafin Allah ya karɓe ka, ka ƙi. In barinsa ko yinsa zai tsare lamirin ɗan'uwa, ka yi, kamar yadda ya ce game da naman da aka yanka wa gumaka a 1 Korantiyawa 8.

Wani zai tambaye ka wa aka biya fansar. Malaman ikkilisiya na dā sun saɓa: Orijen ya ce Shaiɗan, Giregori na Nazianzus ya ƙi wannan, Anselm a ƙarshen ƙarni na 11 ya ce Allah ake bi bashin girmamawa. Nassi bai ambaci mai karɓa ba, kuma ba a ba Fir'auna ko anini ba. Kada ka bari wannan ta cinye maka lokaci.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce: in 'yancin na ruhu ne, ina labarin bawan gaske? Kada ka yi kwana-kwana. Littafin Firistoci 25:44 zuwa 46 ya bar bayi baƙi a wajen Jubili. Bulus bai yi kiran a soke bautar Roma ba, ko da yake ya ce wa Filimon ya karɓi bawansa Unisimas a matsayin ƙaunataccen ɗan'uwa, ya kuma ce a Galatiyawa 3:28 babu bawa babu ɗa. An yi amfani da "na ruhu ne" wajen rufe bakin talaka. A 1525 manoman Jamus sun nemi a kwance su daga iyayengijin gonaki da hujjar cewa Almasihu ya fanshi kowa da jininsa, Luther ya ce sun mai da 'yancin Kirista abin jiki. A 1807 an buga wani taƙaitaccen Littafi Mai Tsarki a Landan domin bayin tsibiran Karibiyan, aka cire labarin fita daga Masar aka bar ayar da ta ce bayi su yi biyayya. Masu cirewar sun san abin da suka cire. A ɗaya ɓangaren, Giregori na Nisa tun ƙarni na 4 ya yi wa'azi yana tambaya nawa ne farashin siffar Allah. Nassin da ya fi kaifi a nan Irmiya 34 ne: sarki Zadakiya da manyan Urushalima suka saki bayinsu lokacin da sojojin Babila suka kewaye birnin, da aka ɗan sami sauƙi sai suka sake kamo su. Allah ya ce tun da kun ƙi shelar deror ga 'yan'uwanku, ni na yi muku shelar deror ga takobi da annoba da yunwa. Tsohon Alkawari bai ba da labarin wata shekara da aka yi Jubili ba, amma Nehemiya 5 ya nuna an tilasta wa masu kuɗi mayar da gonaki da yafe bashi.

Kada kuma ka yi wa mutane alkawarin cewa tsohon hali zai ɓace daren da suka ba da gaskiya. A dare ɗaya aka fita Masar, amma a Littafin Ƙidaya 11:5 suna kukan kifi da albasa da tafarnuwar can, a 14:4 har suna shawarar naɗa shugaba su koma. Romawa 8:21 zuwa 23 ta ce halitta duka tana nishi tana jiran 'yancin da bai cika ba tukuna. Mai fama da wata jaraba in aka ce masa an gama, sai ya ɗauka shi ne ba a fansa ba.

In zama ɗaya gare ka, na minti 60, ga yadda zan raba shi. Minti 15 a Fitowa 4:22 da 23 da Littafin Firistoci 25:55, ka sa su nemo da kansu wa aka bari, wa aka koma wa. Minti 15 a Littafin Firistoci 25:8 zuwa 10 da Luka 4, a karanta su a jere. Sauran a Galatiyawa 5, daga aya ta 1 har ta 14 ba tsallake. In an ba ka mako biyu, Irmiya 34 da Filimon su samu nasu zaman. Misalin Hajaratu da Saratu da ke ƙarshen Galatiyawa 4 kuwa ka ajiye shi sai kana da lokacin bayani, domin Bulus ya faɗa da bakinsa cewa misali yake yi a kan alkawari biyu, yana jayayya da wasu masu wa'azi na zamaninsa. In ka karanta shi a guje, wani zai fita yana liƙa shi a kan wata al'umma da take raye yau, alhali wasiƙar ba ta san da zancen ba.